Na sayi annoba ta ɗari biyar a rumfar mai turi

Memorin nan gig takwas ne, kuma tun bara da na saye shi ba abin da ke ciki sai karatun Alƙur'ani, da tafsirin da Malam, maigidanmu, yake saurare bayan asuba, da hotunan sunan 'yar ƙanwata. Ranar kasuwar Hadejia, ana saura mako biyu a fara yankan shinkafa, na gama cefanena ina jiran motar garinmu ta cika. Duk wanda ya san motocin ƙauyukan Auyo ya san cikarsu sai an shirya. Gyaɗa kuma na nan jibge a tsakar gida tana jiran ɓara, buhu huɗu, daga mu uku sai yara. Na ce bari in leƙa wurin masu turi a zuba mana abin da zai riƙe mu a kan tabarma.

Rumfar ta langa-langa ce, a layin masu gyaran waya. Benci ɗaya, laftof biyu, ƙaramin inji yana ta tari a baya, sai wani allon katako da aka jera wa soket, wayoyi sun fi hamsin suna shan caji, kowacce an manna mata lamba da salatif. Yaron da ke kan laftof ɗin, gashin bakinsa ma bai gama shawarar fitowa ba.

"Sannu da zuwa Hajiya. Me za a zuba? Indiya-Hausa, ko waƙa?"

Na ce littafi nake so, irin wanda ake karantawa a saurara.

"Na soyayya, ko na aljanu, ko na kishiya?"

Na ce masa kishiya ina da ita a gida, ba sai na biya ba. Duk 'yan bencin suka fashe da dariya. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce akwai wani sabo da ya shigo masa, amma ba zai ɓoye mini ba, mata biyu sun dawo sun ce a goge musu shi, wai tun daga farko har ƙarshe cuta ce, ko biki ɗaya na kirki ba a yi ba. Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta sa na zauna. Ɗan kasuwar da zai kushe hajarsa kafin ka tambaya ba kullum ake samunsa ba. Ga shi kuma ni cuta ba baƙuwata ba ce: tun 2011 nake ɗaukar kular rigakafin shan inna ina bin gida-gida, ina ɗiga wa yara ɗigo biyu a baki, ina shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, ina rubutu da alli a bangon mutane. Na ce zuba.

Naira ɗari biyar, kashi 41, bai kai minti goma ba. Ya cire memorin ya sa a tasa 'yar sifikar ya kunna mini farkon kashi na ɗaya don in ji da kunnena. Bai taɓa karatun Malam ba, bai goge mini hoto ko ɗaya ba, kuma da na zo gida memorin bai kwaso wata ƙwayar kwamfuta ba, wadda ita ce ta cinye wa maƙwabciyata hotunan bikinta kaf a wata rumfar. Shawarata ga mata dai, ki cire memori ki miƙa, kada ki ba da wayarki gaba ɗaya. Ba don na ga wani abu a wurin yaron nan ba, don dai benci ba ya rasa idanu.

Alherinsa ke nan. Sauran kuma sai da muka fara sauraro suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Daren farko, bayan isha'i, muka shimfiɗa tabarma: ni, da Yaya abokiyar zamana, da Iya surukarmu, da yara. Kashi na ɗaya ya ƙare ana cikin gabatar da gidan su budurwar labarin, kowa lafiya lau, uwa tana tuƙa tuwo. Sai MP, wato 'yar sifikar da muka sa memorin a ciki, ta tsallaka da kanta, muka ji uwar nan a cikin randa ruwa ya kai mata wuya, 'yarta tana ba ta kunu da ludayi. Iya ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "To yaushe aka yi haka? Ko gyangyaɗi na yi?" Ba gyangyaɗi ba ne. Na'urar ce take bin lamba yadda ta ga dama: daga 1 sai 10, sai 11, har 19, sannan ta dawo 2. 'Yata mai aji biyu a ƙaramar sakandare ce ta gano, ta ce da an sa sifili a gaban ɗaya zuwa tara da ba haka ba. Aikin daƙiƙa talatin ne ga mai laftof, amma mu sai da muka mayar da yarinya direbar MP har muka gama, kuma babban sirrin labarin mun riga mun ji shi tun daren farko.

Sai talla. A tsakiyar kowane kashi an cusa tallar wani maganin gargajiya, da ƙarar da ta ninka ta karatun, har akuyar da ke ɗaure a turke sai ta zabura. Abin dariya abin takaici: akwai wurin da likitan labarin ya sunkuyar da kai ya ce wa budurwar, a duk duniya ba a san maganin wannan cuta ba. Bai rufe baki ba wani ƙato ya daka tsawa, wai ga sahihin maganin sanyi da basir da shawara da ciwon da likita ya gaza. Yaya ta ce, "To ai ga shi nan, su aika a sayo mana."

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an yanke farkon karatun, wurin da mai karatu take faɗin sunan littafi da na wadda ta rubuta. Fayil ɗin "sabon labari" kawai aka sa masa. Na san mace ce don sau biyu mai karatun ta ce "marubuciyar ta ce a yi mata addu'a, ba ta jin daɗi." Yanzu marubuta a waya suke rubutu, su sayar a zaurukan WhatsApp, ɗari uku ko ɗari biyar mutum ya biya a sa shi. Wannan baiwar Allah ta ƙona data da idonta, ni na biya ɗari biyar, ko sisi bai isa hannunta ba, sunanta ma an hana ta. A zamanin da muke 'yan mata muna hayar littafi a gidan wata mata a bayan masallaci, ko bangon ya yage sai ka ga an rubuta sunan mai shi da biro a shafin farko.

Ita mai karatun ba ni da ƙorafi a kanta. Bakaniya ce daga jin harshenta, muryarta a zaune, tana sauya ta in tsohuwa ce ke magana ko soja. Wani lokaci ana jin zakara a bayanta, wani lokaci jariri. A kashi na 29 muryarta ta karye, ta yi shiru, ana jin tana jan hanci, kuma ba a yanke wurin ba. Gara da ba a yanke ba.

Labarin a shekarar 2085 aka kafa shi. Damina ta zama sai an yi sa'a, ruwan da ya rage duk yana hannun hukuma ɗaya, an sake tayar da ganuwar Kano amma ta ƙarfe, ba mai shiga ƙofa sai an ɗora masa wata na'ura a wuya ta yi kore. Cutar daga ma'aikatan fadama ta fara. Ƙaiƙayi ne a tsakanin yatsun ƙafa, sai fata ta fara tauri tana sheƙi kamar ɓawon kifi, tana hawa sama a hankali. In ta kai ƙirji murya ta tafi. In ta kai wuya mutum ba ya iya zama a tudu fiye da tsakanin azahar da la'asar, sai jikinsa ya fara tsagewa. Mutanen labarin ɓawo suke ce mata. Kuma ba ta kisa. Nan ne marubuciyar ta nuna ta san abin da take yi. Mai ɓawo yana gane 'ya'yansa, yana hawaye, in an kira salla yana juyawa gabas. Hukuma ce take kashe shi a takarda: ranar da ɓawo ya taɓa wuya a ba iyalinsa shaidar mutuwa, matarsa ta shiga takaba, a raba gado, shi kuma a kwashe shi a mota zuwa fadamar da aka kewaye da waya, ya riƙa yankan ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa ba ko kwabo, tunda matacce ba ya karɓar albashi. Budurwar labarin ita ce mai ɗora na'ura a ƙofar gari. Ta tura ɗaruruwan mutane mota ba ta waiwaya ba, har ranar da ta ga uwarta tana sosa ƙafa da marfin kwano.

Na ɗauka tsoro zai kama mutanen gidanmu. Yara dai sun daina zuwa bayi su kaɗai na kwana biyu. Manya kuwa ko a jikinsu. Iya cewa ta yi, "Wannan ai rikiɗa ce, mun san ta tun kafin a haifi uban mai littafin." Ta kawo labarin mutanen da ake cewa suna zama kura da dare, da 'yan ruwa da ake cewa suna jan mai wanka a gulbi. A wurinta mutum ya koma wani abu ba sabon labari ba ne. Motar ce ta tsaya mata a rai.

A dare na shida, da aka zo wurin da ma'aikata suka shiga wani gida da farar riga suka fito da tsoho, jikokinsa na riƙe da ƙafar wandonsa, Iya ta ce a kashe. Muka kashe. Ta naɗe hannun rigarta ta haska tocila a damtsenta, ta nuna wa yara tabon lamba, zagaye kamar tsohon kwabo. Ta ce wannan na agana ne, tana budurwa aka zo aka yi musu a ƙofar gidan dagaci. Amma kafin masu lamba su zo, agana ta riga ta kama ƙaninta. Aka yi masa bukka a bayan gari, wajen kukoki, ana kai masa fura a ajiye daga nesa a kira sunansa. Uwarsu kuma, in dare ya raba, sai ta zare jiki ta tafi ta kwana a bukkar, ta dawo kafin assalatu ta yi wanka da toka. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar, har ubansu. Yaron ya tashi, da zanen agana a fuska har ya tsufa. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Iya, ta sauke hannun riga ta ce a kunna.

Shekarata goma sha shida a gidan nan, ban taɓa jin wannan labarin ba. Na san a takarda cewa a 1980 aka shelanta an kawar da agana daga duniya, na ma rubuta shi a jarrabawa. Ban san a damtsen da nake shafa wa man zafi kullum akwai ragowarta ba.

Malam da farko ya ce shi ba ya sauraron tatsuniyar mata. Sai muka lura tabarmarsa tana matsowa daga ƙofar turaka kullum da taku ɗaya. A dare na tara ya yi gyaran murya ya ce, wai shin matar da aka ba takardar nan, da wane dalili za ta yi takaba alhali mijinta yana numfashi? Daga nan gyaɗa ta huta. Ya ce a Risala, da suka karanta a zaure, an ambaci aibobin da ake mayar da aure saboda su, akwai hauka da kuturta da albaras, amma wannan zaɓi ne ake ba mutum, ba a ce mai cutar ya mutu ba. Ko wanda ya ɓata ba a san inda yake ba, sai matarsa ta kai ƙara an yanka mata shekara huɗu kafin ta yi idda. To ina ga wanda aka san inda yake, ana ma hango shi ta waya? Gadon da aka raba haramun ne, auren da matar ta sake bai ɗauru ba, 'ya'yan da ta haifa kuma, nan ya yi shiru ya ce sai ya tambayi na gaba da shi.

Yaya ta ce, "Malam, labari ne fa."

Ya ce ya sani. Washegari kuma ya kai maganar majalisarsu ta gindin darbejiya, aka kwana biyu ana yi. Wani ya ce hukumar tana da hujja, tunda hadisi ya ce in annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita, kuma Sayyidina Umar da kansa ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Malam ya ce hadisin ya ce a zauna, bai ce a rubuta rayayye a cikin matattu a ci guminsa ba. Har aka aiko yaro wai in ba da aron memorin. Ban bayar ba, na san aron majalisa.

Ƙanin Malam, wanda ke noman rani a filayen da ake ba ruwa daga madatsar Hadejia, shi dariya ya yi ta yi. Ya ce marubuciyar ko dai 'yar yankin nan ce ko ta auri ɗan nan, don ciyawar da take kwatantawa kacalla ce ba wata ba. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, gulbi ya daina yin yadda ya saba, cika da damina da janyewa da rani, sai ya zama ruwa na kwance duk shekara, kacalla ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, jan-baki suka samu wurin kwana suna sauka a kan shinkafa kamar hadari. In ruwa ya zo da yawa kuma ya rasa hanya sai ya shigo gari, kamar yadda muka gani a 2022, muka kwana a makarantar firamare da awakinmu. Ya ce in don yankan kacalla a ruwa har ƙirji ba albashi ne, ai shi ma ɗan 2085 ne, ɓawon ne kawai bai fito masa ba. Ni kuma na ce masa ya fito, ba ya gani ne. Ruwan kwancen nan shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, kuma rabin samarin da ke shiga cikinsa sun san fitsarin jini, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga. Da ake zuwa makarantu ana auna tsayin yara da sanda ana ba su ƙwayar maganinta, nasa yaran ɓuya suka yi a gonar rake. Ya ce in bar tone-tone.

Yaya ce ba ta cika magana ba, sai barkwanci jefi-jefi. Ni da ita muna zaman lafiya, amma akwai abu ɗaya da ya daɗe a tsakaninmu ba mu taɓa buɗe shi ba. Shekarar da na fara aikin rigakafi, in na fito da kula da safe, nata yaran sai su ɓace. Wata rana na same su a cikin rumbu, su uku, sun yi tsuru-tsuru cikin dawa. Ina bin gidajen mutane ina roƙo, a gidanmu ana ɓoye mini yara. Malam ne ya tsawatar daga baya, ta riƙa miƙo su tana kallon gefe. Ban tambaye ta dalili ba, na ɗauka irin maganar da aka saba ce, wai ɗigon yana hana haihuwa, maganar da ta sa Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 sai a 2004 aka dawo da shi.

A kashi na 29 ne, wurin da mai karatu ta yi kuka. An gano uwar a randa. Budurwar ta roƙi a bar ta ta raka ta ko zuwa bakin waya ne, aka ce doka ta hana, aka miƙo mata takarda ta sa hannu cewa ta karɓi gawa, alhali uwar na cikin mota tana buga gilashi da tafin hannu. Yaya ta tashi ta shiga ɗaki. Da na bi ta na same ta zaune a bakin gado cikin duhu. Ta ce shekarar sanƙarau, 1996, tana 'yar shekara goma sha biyu a ƙauyensu na ƙasar Kano, ƙanwarta ta kwana da zazzaɓi ta tashi wuya ya sanƙare. Aka sa ta a mota, ubansu ya bi. Bayan kwana uku ya dawo shi kaɗai da ɗankwalinta a aljihu. A can aka binne ta tare da wasu, uwarsu ba ta ga gawa ba, ba ta yi mata wanka ba, har ta rasu tana cewa wataƙila yarinyar na nan wani wuri. Ba a daɗe ba kuma labari ya bazu cewa a wannan annobar wani kamfanin waje ya gwada sabon magani a kan yara a birni.

Wannan ba jita-jita ba ce, a rubuce take. Kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a shekarar, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, aka yi ta shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ƙanwar Yaya ba ta cikin waɗannan yaran, ba ma can aka kai ta ba. Amma yarinya 'yar sha biyu ba ta rarrabe wannan. Abin da ta riƙe shi ne masu farar riga sun tafi da mutum ba su dawo da shi ba.

"Ba ke nake gudu ba," ta ce. "Kular ce. In na gan ta sai in ga motar."

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. An koya mana a bita yadda za mu amsa maganar hana haihuwa, da ta cewa me ya sa ake bin mu da wannan kyauta alhali maganin zazzaɓi sai mun saya. Mun haddace amsoshin. An kashe 'yan'uwanmu ma'aikata tara a Kano a Fabrairun 2013, muka ci gaba da fita da faɗuwar gaba, har aka wayi gari a Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Duk tsawon wannan ba wanda ya koya mini in tambayi mace wa aka taɓa ɗauke mata. Da korona ta zo a 2020, aka rufe gari ana azumi, aka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci ana killace su, na ga masu tari suna ɓoyewa a ɗaka suna shan tazargade, na ce jahilci ne. Yanzu ba na saurin faɗin haka.

Kada a ɗauka littafin ba shi da aibu. Yana da su, har da na ban haushi. Marubuciyar ba ta tsayar da ko mece ce cutar ba: yau ta ce bairos ce, gobe ta ce tsutsa ce da ake gani a madubin likita, jibi kuma iska ce ke kawo ta. Wani saurayi ya haɗa allurar gwaji a dare ɗaya a ɗakin girki, abin da ko ruwan gishiri da sukari sai an auna. Ta tuna mini da daren nan na Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri kafin gari ya waye, mu ma nan sai da muka yi, har Malam. Sannan ga likita ɗan masu kuɗi da aka cuso don dole a yi soyayya, kashi huɗu cur ana kwatanta motarsa da ƙamshin turarensa, uwa na can cikin randa. Kuma wai a 2085, ruwan sha ya gagara, amma lefe akwati goma sha biyu ne da atamfa da leshi. Iya ta ce wannan kam ta yarda, ko tashin duniya za a yi sai an kai lefe. Da an zubar da likitan nan da akwatunansa, da labarin ya tsaya a kashi talatin ya fi haka ƙarfi.

Ƙarshen ma ya raba mu. Ba zan faɗe shi duka ba, amma budurwar ta cire takalmi a bakin fadama. Yaya ta ce daidai ta yi. Malam ya ce jefa kai ga halaka ne. Iya ta ce duk surutu ne, tunda ba mu san abin da ya faru a kashi na 37 ba.

Don babu shi. Daga 36 sai 38. A ƙarshen 36 budurwar ta samu shiga fadamar da dare a kwalekwale, ta haska fitila, kawuna sun fara ɗagowa daga cikin kacalla, tana kiran "Umma" a hankali. A farkon 38 tana zaune a gida da safe, rigarta a jiƙe, ba ta magana da kowa. Ta ga uwar? Uwar ta gane ta? 'Yata ta duba memorin sau uku. Iya ta kwana tana juyi, da safe ta ce ita ta san abin da ya faru, uwar ta gan ta sarai amma ta nutse don kada 'yar ta biyo ta, haka uwa take yi. Yaya ta ce a'a, fitowa ta yi ta taɓa mata fuska. Suka yi ta yi har rana ta take, kowacce tana ba da nata kamar a gabanta aka yi.

Da kasuwa ta zagayo na koma rumfar. Yaron ya gane ni tun daga nesa, ya ce, "Hajiya mai kishiya!" Na zayyana masa komai. Maganar lamba ya karɓa nan take, ya gyara a gabana, ya ce bai taɓa lura ba. Talla ya ce ba shi ya sa ba, haka yake sayo su a Kano a cikin babban faifai, kuma sunan ma a can ake yankewa don kada a bi sawu. Na ce to shi ya san ana bin sawun ke nan. Ya yi dariyar yaƙe. Ya bincika laftof biyun, na 37 babu a kowanne. Ya ce in zaɓi wani littafin kyauta a madadin, akwai na aljanu mai kashi sittin cikakke. Na ce ba na so. Ya rubuta "37" da biro a bayan hannunsa, ya ce zai shiga Kano ranar Laraba, in dawo kasuwa mai zuwa.

Da na faɗa wa Iya, ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo naira ɗari biyu daga kuɗin daddawarta. Ta ce in ya samo in ba shi, in bai samo ba in sayo mata goro, fari, kada in karɓi mai tsutsa.